WANKIN ƘARFE DA BATIR: A AUNA WUTA KAFIN A TSOMA

(Wannan shi ne jawabin da ƴan kwamitin sana'o'i suka karanta a babban taronmu na bayan girbi. Mun buga shi duka sabo da ƴan uwa na Yamai, Dosso, Kwatano, Lome, Ikko da Kumasi waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)

  

A taron da ya wuce kun ɗora mana aiki. Samari uku cikin ƴaƴanmu sun nemi rance daga asusun ƙungiya domin su kama sana'ar wankin ƙarfe, watau yi wa zobe da warwaro da sarƙa da kayan doki ruwan jan ƙarfe ko ruwan zinariya da wutar batir. Waɗansu dattawa suka ce sam, wannan siddabaru ne, kuma ƙofar cuta ce. Waɗansu ƴan ci-rani suka ce sun ga ana cin abinci da ita a Kwatano da Kano. Kuɗin asusu kuwa gumin kowa ne, na mai dako a bakin gada da na mai tura kura a Ikko. Sabo da haka aka ce mu je mu bincika, mu dawo mu gaya wa jama'a gaskiya.

To, ga abin da muka samo a taƙaice. Sana'a ce ta gaskiya, ba tsafi a cikinta. Amma kyaunta da muninta duka sun rataya ga abu guda, shi ne auna wutar da ke shiga cikin ruwan. Wanda ya iya wannan awo ya iya sana'ar. Wanda ya ɗauko batirin mota ya haɗa waya kai tsaye, zai ƙona kayan mutane, ya zubar da jari, watakila ma ya ji ciwo.

ASALIN ABIN

A shekarar 1800 wani Bature mutumin Italiya, Alessandro Volta, ya ƙera batir na farko. A 1805 wani ɗan ƙasarsu, Luigi Brugnatelli, ya yi amfani da irin wannan batir ya lulluɓe lambobin azurfa da zinariya. Tsakanin 1833 da 1834 Michael Faraday na Ingila ya gano lissafin abin, watau yawan ƙarfen da ke hawa kan kaya daidai yake da yawan wutar da ta ratsa ruwan. A 1840 George da Henry Elkington na birnin Bamingam a Ingila suka karɓi takardar mallakar fasahar, suka mai da ita babbar sana'a, ana wanke cokula da farantai da azurfa ana sayarwa ko'ina.

Kafin wannan, masu yi wa kaya ruwan zinariya da zaiba suke yi. A cuɗa zinariya da zaiba, a shafa, a gasa, zaiba ta tashi hayaƙi, zinariya ta zauna. Hayaƙin nan ya nakasa maƙera da yawa, ya kashe waɗansu. Ƴaƴanmu da suka tafi haƙar zinariya Jado daga 2014, ko Komabangu, sun san zaiba, sun ga masu rawar jiki. Wankin batir shi ne ya raba maƙera da wannan masifa.

YADDA YAKE AIKI

Mu ɗauki wankin jan ƙarfe, domin da shi ake koyo. A samu kwalba mai faɗin baki ko roba mai tsabta, ban da kwanon ƙarfe. A zuba ruwan da aka narka gishirin jan ƙarfe a ciki, shuɗin nan da ƴan boko ke kira sulfat, wanda akan samu wajen masu sayar da magungunan gona a manyan birane. Ma'auninsa giram 200 cikin litar ruwa guda, a ƙara mililita 100 na sabon ruwan batir. Ruwan kuwa ya zama tataccen nan da ake ƙara wa batir, ko ruwan sama mai tsabta. Ruwan rijiyoyinmu na gefen Foga yana da gishiri da kanwa, ɓata aikin yake yi.

Sa'an nan a tsoma abu biyu ba tare da sun taɓa juna ba. Na ɗaya guntun jan ƙarfe, kamar tsohuwar wayar lantarki da aka feɗe aka naɗe. Na biyu kayan da za a wanke. Jar waya, mai fitowa daga kan batir mai alamar +, ita ke zuwa ga jan ƙarfe. Baƙar waya, mai alamar −, ita ke zuwa ga kaya. A riƙe shi haka: ja ga ja, baƙi ga kaya. In aka juya su, kayan ne zai narke.

Wuta tana tafiya, jan ƙarfen nan yana narkewa kaɗan kaɗan cikin ruwa, na cikin ruwa kuma yana hawa jikin kaya. Idan aka auna kafin aiki da bayansa, za a ga abin da wayar ta rage kusan shi ne kayan ya ƙaru. Ke nan duk siddabarun.

Wutar NIGELEC ba ta yin wannan aiki. Ita kai da komowa take yi sau hamsin cikin daƙiƙa guda, abin da ta ɗora sai ta kwashe. Daɗin daɗawa bolt 220 ce, kusa da ruwa kuwa ajali ce. Wutar batir ce ke bin hanya guda. Wannan ma alheri ne gare mu, domin kowa ya tuna yadda Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. Mai sana'ar da ke kan batir da faifan sola bai rufe rumfarsa ba a irin wannan lokaci.

BOLT DA AMPER

Nan ne zuciyar maganar, muna roƙon a saurara. Wuta tana da awo biyu, mutane da yawa ɗaya kaɗai suka sani.

Duk wanda ya yi noman rani a Tara ko a fadamun bakin Kwara ya san ruwa yana da ƙarfin turi, yana kuma da yawa. Tankin da aka ɗora bisa dogon gini turinsa ya fi na wanda ke ƙasa. Wannan turi shi ne bolt. Yawan ruwan da ke fita ta bakin tiyo cikin minti guda kuwa, shi ne amper. Manomin da zai shayar da irin albasa ba tsawon tanki ya dame shi ba, abin da ke zuba cikin fangali shi ya dame shi. In ya saki injin ban ruwa duka a kan iri ƙanana, ruwa zai tone su ya tafi da su.

To, batirin mota bolt 12 ne, in ya cika sosai ya kai 12.6. Na babur ma galibi haka. Batirin tocila, wanda muke kira pil, bolt 1.5 ne. Kwalbar wankin jan ƙarfe kuwa abin da take bukata bai wuce rabin bolt zuwa bolt 2 ba. Kun ga ke nan batirin mota ya ninka bukata sau shida ko fiye. Ruwan nan kuma ba ya tare wuta sosai, sabo da haka in an haɗa kai tsaye amper da yawa za su kwarara, waya ta yi zafi, ruwa ya yi ta tafasa kumfa.

Me ya sa yawan wuta ke ɓata aiki? Ku dubi mai yaɓe. In yaro yana miƙo masa ƙasa daidai yadda yake iya shafawa, yaɓe zai kama, ya yi sumul. In aka yi ta jifan bango da ƙasa ba kai ba gindi, sai ta taru gudaji gudaji, ta bushe ta zube. Haka jan ƙarfen da ke cikin ruwa yake, yana bukatar lokaci kafin ya iso jikin kaya ya jeru. In wuta ta fi ƙarfin isowarsa, sai ta koma fasa ruwan kansa, iska mai kama wuta ta yi ta fitowa kumfa kumfa, abin da ya hau kuma ya zama gari mai duhu wanda yatsa ke sharewa. Masu sana'a suna cewa aikin ya ƙone. Garaje ba ƙarfi ba ne.

LISSAFIN TAFIN HANNU

Nawa ne daidai? Amper ana auna shi ne da faɗin jikin kaya. Ƙa'idar da mai koyo zai riƙe ita ce amper guda ga kowane fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, watau santimita murabba'i 100, kusan tafin hannun babban mutum. Manyan masana'antu suna wuce haka domin suna da injin motsa ruwa. Mai kwalba a rumfa ya tsaya nan.

Ga misali. Warwaro mai kewayen santimita 20 da faɗin santimita 1, fuskar waje 20, ta ciki 20, jimla 40. Kashi 40 cikin 100 na amper ke nan, watau amper 0.4. Zobe kuwa ciki da waje bai fi santimita murabba'i 6 ba, rabonsa amper 0.06. Ɗan faranti mai 10 da 10, gaba da baya 200, amper 2. A kullum a ƙidaya duk inda ruwa ya taɓa, har ciki da baya.

Sa'an nan lokaci. Bisa lissafin Faraday, amper guda cikin awa guda yana ɗora giram 1.19 na jan ƙarfe. A kan tafin hannu guda wannan kaurinsa mikron 13 ne. Mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai yakan kai mikron 70. To warwaron nan namu, da amper 0.4 cikin awa guda, zai ɗauki kusan rabin giram. Mai son ya ninka kauri ya ninka lokaci, kada ya ninka wuta.

Wannan lissafi yana nuna mana wani abu game da jari. Jan ƙarfen da ke hawa kaɗan ne, wutar da ake ci kaɗan ce, ko batirin babur ya isa wanke warwaro da yawa kafin a sake caji. Kuɗin sana'ar nan yana cikin ƙwarewa da haƙurin mai yi.

LINZAMIN WUTA

Yaya za a rage wutar batir ta dawo daidai? Akwai hanya huɗu, mun jera su daga mai sauƙi.

Ta fari, ƙwan fitilar mota ko na babur, wanda muke kira ampul. A yanke jar waya a tsakiya a sa ampul, yadda wuta sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa kwalba. Ampul yana da iyakar abin da yake bari ya wuce, ana gane ta daga lambar da ke jikinsa: a raba wat da 12. Mai wat 5 yana barin kimanin amper 0.4, daidai warwaronmu. Mai wat 10 kimanin 0.8. Mai wat 21, na sigina, wajen amper 1.7. Ƙanana na allon direba masu wat 2 ba su kai amper 0.2 ba. In an jera biyu kafaɗa da kafaɗa, kowane da hanyarsa, amper ɗinsu haɗuwa yake yi. In an sa su ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, raguwa yake yi. Mai zobe guda kuma ba shi da ƙaramin ampul, sai ya rataya zobba shida tare, su raba wutar mai wat 5. Sai dai ya zama ampul na da, mai zaren ƙarfe a ciki. Irin na zamani masu ƙananan idanu ba su yin wannan aiki.

Ampul yana da wani amfani kuma. In kaya ya taɓa jan ƙarfe cikin kwalba bisa kuskure, ampul zai ƙara haske ne kurum, ba abin da zai ƙone. Batirin mota kuwa in kawunansa biyu suka haɗu ba linzami, yana iya sakin amper ɗaruruwa, ya narkar da waya, ya toya hannu. Kada a yi aiki kusa da shi da zobe a yatsa.

Ta biyu, wayar tsohon risho na lantarki. A miƙe ta bisa tubali, a kama ta da maƙali. Nesa da baki wuta ta ragu, kusa da baki ta ƙaru. Lissafinta na Georg Ohm ne, mutumin Jamus, wanda ya buga shi a 1827: a raba bolt da amper, a samu taurin hanya, ana kiransa om. In batir 12 ne, kwalba za ta ci 2, saura 10 da za a kashe, ana kuma son rabin amper, to om 20 ake bukata. Wayar za ta yi zafi, kada a ɗora ta bisa tabarma.

Ta uku, pil. Guda ɗaya babba ya isa wankin jan ƙarfe na ƙaramin kaya. Aibinsa shi ne yana rauni ana cikin aiki, na safe ba zai yi daidai da na yamma ba.

Ta huɗu, wani ɗan allo da ake sayarwa wajen masu kayan rediyo, kamar a Alaba ta Ikko ko Sabon Garin Kano, mai kusoshi biyu da ake murɗawa, ɗaya na bolt ɗaya na amper. Wannan ya fi duka, ƴan uwa matafiya suna iya riƙo shi tsaraba. A nemi mai kusoshin biyu.

Faifan sola kada a haɗa shi da kwalba kai tsaye. Da tsakar rana yakan ba da bolt 18 ko fiye, gajimare ya gitta ya faɗi. Aikinsa ya cika batir, batir ya ba kwalba.

Duk hanyar da aka bi, sai da mita, irin wadda masu gyaran rediyo da salula ke riƙewa. In za a auna bolt, a taɓa wayoyi biyu a bakin kwalba. In za a auna amper, a sa mitar a kan hanya kamar yadda aka sa ampul. Kada a taɓa kawunan batir da ita alhali tana kan awon amper, nan take za ta ƙone.

Har wa yau tazara ma linzami ce. A bar kamar santimita 10 tsakanin kaya da jan ƙarfe. Gefen da ke fuskantar jan ƙarfe, da baki, da tsini, sun fi jan wuta, su ke fara ƙonewa, lungu kuwa ya tashi da ɗan kaɗan. Maganinsa a sa jan ƙarfe dama da hagu, a riƙa juya kaya, a riƙa motsa shi a hankali.

ABIN DA IDO ZAI GANI

In wuta ta yi daidai, cikin minti kaɗan kaya zai yi ja mai haske kamar sabuwar wayar da aka feɗe, ba kumfa ko kuwa ƴar kaɗan. In ya yi duhu kamar garin barkono, yana gogewa, wuta ta yi yawa. In baki ya yi ƙuraje tsakiya tana da kyau, ta ɗan yi yawa, ko kaya ya matso kusa. In wankin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wannan laifin datti ne.

Maƙeran farinmu sun riga kowa sanin tsabtar ƙarfe, su da ke dafa azurfa da tsamiya da lemun tsami. Haka nan ma. A goge kaya ya yi santsi, domin wanki ba ya ɓoye ƙarzuwa, ƙara fito da ita yake yi. A wanke da omo da ruwan zafi, a tsoma cikin ruwan tsami, a ɗauraye, daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi. Gwajinsa, a zuba ruwa. In ya shimfiɗu ko'ina, ya tsabtata. In ya tsaya ɗigo ɗigo, da sauran maiƙo.

Ba kowane ƙarfe ke karɓa ba. Tagulla da jan ƙarfe da azurfa suna karɓa. Baƙin ƙarfe, kamar na linzami da likkafa, yana tsomuwa cikin shuɗin ruwan nan sai ya yi ja tun ba a sa wuta ba, amma jan banza ne, ba ya kamawa. Sai an fara yi masa shimfiɗar nikel, wani farin ƙarfe mai nasa ruwan dabam, wanda ke son bolt 2 zuwa 4. Sanholo, na tukwanen da ake zubawa, ba ya karɓa a aikin rumfa. A kuma sani nikel yana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, kada ya zama shi ne na sama a ɗan kunne. Jan ƙarfe shi kaɗai kuma yakan dushe, ya bar kore a fata. Shi na koyo ne da na shimfiɗa.

GUBA

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne, domin ku ke tsare da gida. Ruwan zinariya da na azurfa da ake sayowa a kwalba, mafi yawansu da sayanaid ake haɗa su. Guba ce mai kisa cikin mintoci. Mafi muni, in ruwan batir ko wani ruwan tsami ya shiga cikinta, sai ta tashi iska mai kisa. Ke nan kwalbar jan ƙarfe da ta zinariya in suka haɗu a ɗaki guda a hannun mai sakaci, mutuwa ce ke zaune. Akwai ruwan zinariya marar sayanaid, ya fi tsada, shi muke so a nema.

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. A 2010 a Zamfara, cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an riƙa shigo da duwatsun zinariya ana daka su a tsakar gida, ashe akwai darma a ciki. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu neman halal suke yi, abin da ya cuce su shi ne an shigar da aikin inda yara ke rarrafe.

Sabo da haka rumfar wanki ta zama wajen gida, mai iska, mai kulle. Ba ci, ba sha, ba taba a cikinta. A sa safar roba da tabarau. In za a haɗa ruwa, ruwan batir ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a juya wannan. Ya zama sabo, na tsohon batir yana da darma. Kada a zuba ko ɗigo cikin kwalbar lemo ko gorar ruwan sha. In ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa minti goma sha biyar, a wuce likita.

Shuɗin ruwan ba a zubar da shi, yana daɗewa, tacewa kurum ake yi. Ruwan ɗauraya kuwa a tara shi a jarka, a jefa tsofaffin ƙusoshi, jan ƙarfen zai fita ya hau kansu, sa'an nan a zuba toka, a bar shi ya bushe a rana inda dabba ba ta zuwa. Jan ƙarfe yana kashe kifi ko da kaɗan ne, rijiyoyinmu na dallol kuma ba su da zurfi. Kada mu ja wa Sarkawa da masu shan rijiya abin da ba su ji ba ba su gani ba.

ZINARIYA DA AMANA

Tsoron dattawa yana da tushe. A 2025 kuɗin zinariya ya haura dalar Amurka 4,000 kowane oza a kasuwar duniya. Duk sa'ad da ta yi tsada haka, masu algus sukan yawaita, garin iyaka kuma kowane irin kaya na ratsa shi, daga Malanbil, daga Kamba. Mun san gidajen da aka yi rigima sabo da sarƙar lefe ta dushe kafin amarya ta yi wata uku.

Ga lissafin da zai buɗe ido. Warwaron nan mai santimita murabba'i 40, in an yi masa ruwan zinariya mai kaurin mikron guda, zinariyar da ke jikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Sai an wanke irinsa fiye da hamsin kafin a cinye miskali guda. A Faransa doka ba ta yarda a sayar da kaya da sunan mai rufin zinariya ba sai kaurin ya kai mikron 3. Na arha da ke yawo a kasuwa galibi ko mikron guda ba su kai ba.

Mai sayen zinariya ya duba lamba: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, azurfa kuma 925. Amma lamba ana buga ta ƙarya, maganaɗisu kuma ba ya jan tagulla, to shi ma ba shaida ba ne. A kai wa amintaccen maƙeri ya goga a dutsen gwaji kafin a biya. Wankakken kaya ba haram ba ne, ado ne na mai ƙaramin ƙarfi. Laifi yana ga wanda ya ɓoye sunansa, malamanmu ga su nan sun fi mu sanin hukuncin wannan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in kuma ya rufta, sunan garinmu ne zai ɓaci a kasuwanni uku.

SHAWARARMU

Muna ganin a ba yaran nan rance, bisa sharuɗɗa shida:

1. Kuɗin farko na mita ne, da ampul, da safa, da tabarau, da kwalabe. A saya musu kayan, kada a ba su kuɗi a hannu.

2. Su yi wata uku a kan jan ƙarfe kaɗai, a ƙarƙashin idon ɗaya daga cikin maƙeran farinmu.

3. Su riƙe littafi. Kowane kaya a rubuta faɗinsa, da amper, da minti, da yadda ya fito.

4. Kafin kashi na biyu na rance, kowannensu ya auna warwaro a gaban kwamiti, ya faɗi amper ɗinsa, ya wanke shi, a goga da tsumma, a lanƙwasa, bai ɓare ba.

5. Ba sayanaid, ba zaiba, ba aiki a cikin gida, ba sayen wayar da ba a san asalinta ba. Wayar sata ba ta shiga sana'ar da kuɗinmu ke ciki.

6. Duk abin da suka sayar su faɗa da baki, su rubuta a takarda, cewa wankakke ne. Wanda aka kama ya kira shi zinariya, ya biya mai kaya, ya mai da rance nan take.

Ƴan uwa da ke waje, wanda ya san ƙwararren mai wanki a inda yake zaune, wanda zai karɓi yaro guda ya koya masa, ya aiko wa magatakarda da labari kafin taro mai zuwa. Wanda zai iya riƙo allon rage wuta ko mita, ƙungiya za ta mai da masa kuɗinsa.

Iyakar abin da muka samo ke nan. Hukunci yana hannun dattawa da jama'a.